Kwanar teburin kicin ta buɗe baki, mene mafita?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Dan Allah a taimaka min, kafinta ya haɗa min teburin kicin mai kwana, irin katakon nan mai fomaika a sama, ba a daɗe ba wajen da katako biyun suka haɗu a kwanar ya buɗe har ruwa na shiga gefen ya fara kumbura. Yace wai laifin magini ne bango ya karkace. Gaskiya ne ko wayo yake min? Kuma yana gyaruwa?
Wata uwargida daga Yelwa, Garwa.

AMSA: Wa alaikumussalam Hajiya. Toh, maganar bango ba ƙarya yayi ba, da wuya ki samu ɗakin da kwanarsa ta zauna daidai digiri 90 bayan an yi filasta, amma wannan ai aikinsa ne ya duba kafin ya ɗora zarto. Gwajin ba wuya, ke ma zaki iya. Daga kwana ki auna santimita 60 a bango ɗaya ki sa alama, ki auna 80 a ɗayan, tsakanin alamomin biyu dole ya bada 100 cif. In ya wuce ko ya gaza to bango ya karkace, kuma katakon ne zai bi bango tunda shi bango ba zai matsa ba.

Da yawa kafintocinmu sun fi son yankan digiri 45 saboda yana kama da aikin gwani, ni kam ban cika sonsa ba a kicin. Kinga faɗin teburin yawanci santimita 60 ne, in aka yanka a karkace tsawon haɗin sai ya kai wajen 85, hanyar ruwa ta ƙaru kenan, ga asarar katako, ga shi in bango ya ɗan kauce kaɗan bakin sai ya buɗe. Gara katako ɗaya ya tafi har bango, ɗayan ya zo ya tokare shi a miƙe. In bakin gaban mai lanƙwasa ne sai a sa siririn ƙarfen alminiyum ɗin nan na haɗi a tsakani, bai kai haɗin da aka fafe da injin rauta (injin sassaƙa bakin katako) kyau ba amma yana riƙewa.

Inda na fi ganin laifinsa shine kumburin. Cikin katakon nan garin katako ne aka matse da gam, fomaikar sama kaɗai ke kare shi, duk inda zarto ya bi ya zama tsirara, yana shan ruwa kamar burodi a shayi. Kafin a haɗa dole a shafe fuskokin biyu da silikon ko gam mara jin ruwa tun daga sama har ƙasa, sannan a fafe ramuka ta ƙasa a sa noti uku masu janyo su, ana ɗaurewa kaɗan kaɗan ana shafa yatsa a sama har sai kin daina jin tudu, abinda ya tsattsafo a goge nan take da tsumma. Ƙarƙashin haɗin kuma ya zauna kan jikin kabad, kar a barshi yana lilo. Sannan a nisanta shi da wajen wanke-wanke, in dai da hali.

Batun gyara, leƙa ta ƙasa da tocila. In buɗewa kawai yayi, a kwance a kankare a barshi ya bushe sosai, zafin Garwa ma ya isa, sai a sake haɗawa yadda na faɗa. Wanda ya kumbura kuwa baya komawa, kar ki yarda a cusa silikon ta sama a ce an gyara. A yanke wajen da ya lalace in akwai rarar tsawo, in babu a canja wannan ɓarin, kuma kuɗin aikin ku zauna da shi ya rage miki dan shafe bakin katako ba aikin magini bane.