Motar da ke yin "gwaf" in an saki kuloci: kada ka fara da aksil

Tambaya: Oga, an kawo tsohuwar jif mai giyar oksilari (wadda ke ba tayoyi huɗu ƙarfi), da an saki kuloci ko an sa ribas sai ta yi "gwaf" daga ƙasa. Na kama farfela (dogon bututun da ke kai ƙarfin inji zuwa aksil) na murɗa, na ji tana wasa a bakin aksil ɗin baya. In sauke aksil ɗin ne?

A'a yaro, ajiye sifana tukuna. Wasan da ka ji ba na haƙoran aksil ba ne kaɗai. Idan ka murɗa farfela da hannu, kana tattaro wasan babban haƙorin cikin aksil da finiyo (ƙaramin haƙorin da farfela ke juyawa), da na ƙananan giyoyin ciki, da na haƙoran shaf har zuwa taya, duk a lokaci guda. Lafiyayyen aksil ma yana da shi. Wasan da ke tsakanin babban haƙori da finiyo a yawancin motocin nan bai wuce milimita 0.13 zuwa 0.20 ba, kuma da agogon awo ake gane shi, ba da tafin hannu ba. Aksil shi ne na ƙarshe da za ka zarga, domin shi ya fi tsada kuma ba shi ya fi yawan laifi ba.

Fara da tuƙi, ka lura da lokacin da ƙarar ke zuwa. Idan sau ɗaya take yi, lokacin da ka taka totur ko ka ɗaga ƙafa, to wasa ne a wani wuri da ke ɗaukar ƙarfin inji: kuros (mahaɗin farfela mai lanƙwasa), haƙoran farfela, sit (robar da giyabos ke zaune a kai) ko bushin. Idan maimaituwa take tana ƙaruwa da gudu, ƙirga ta. Farfela tana juyawa kusan sau huɗu kafin taya ta yi ɗaya, don haka bugu mai sauri na farfela ne, mai jinkiri kuma na ɓangaren taya ne. "Ƙas-ƙas-ƙas" a kwana da sitiyari a karye, kan shaf ɗin gaba ne. Wadda kuwa sai a gargada take fitowa, ka koma kan shokozoba da bushin, ba ruwan giya.

Sannan ka gwada a 2H (tayoyin baya kaɗai ke ja), in habobin gaba na hannu ne ka buɗe makullinsu, sannan ka kulle su ka sake gwadawa a 4H (tayoyi huɗu ke ja). Ƙarar da ke nan a 2H tana baya ne ko a sit. Wadda sai a 4H take fitowa tana farfelar gaba, aksil ɗin gaba ko akwatin oksilari. Amma gwajin 4H a kan ƙasa ko yashi ake yinsa. Motar da ba ta da difrenshal na tsakiya, in ka karya kwana da ita a kan kwalta, tayoyin gaba da na baya ba nisa ɗaya suke ci ba, sai farfeloli su ɗaure, ta riƙa tsalle tana bugu alhali lafiyarta ƙalau. Haka ma idan tayoyin ba girma ɗaya ba ne. Duba lambar tayoyi huɗun kafin ka kwance ko noti ɗaya.

Yanzu shiga ƙasa. Wuri mai daidai, waigi gaba da bayan taya, giya a firi. In mota tana cikin giya, farfela a ɗaure take, kuros ɗin da ya mutu ma zai yi maka kamar sabo. A tsofaffin Land Rover birkin hannu a bayan akwatin oksilari yake, farfelar yake riƙewa, don haka sai ka sake shi, kuma waigin nan ne kaɗai ke riƙe da motar da kake kwance a ƙarƙashinta. Motar da jak kaɗai ke riƙe da ita kuma ba a shiga ƙarƙashinta.

Kama bututun farfela da hannu ɗaya, kan da ke ɗaure da aksil da ɗaya hannun, ka murɗa su saɓanin juna, sannan ka girgiza sama da ƙasa, hagu da dama. Kuros ba ya da izinin wasa ko kaɗan. Jan gari mai kama da tsatsa a bakin kofinsa alama ce alluran ciki sun bushe suna cin kansu. Akwai kuma kuros mai yaudara, wanda bai saki ba, ƙagewa ya yi. Wannan ba za ka gane shi ba sai ka sauke farfela ka lanƙwasa shi, ka ji yana cijewa a wani wuri. Kafin ka sauke, sa alama da fenti a kowane haɗi. Idan ka raba farfelar gida biyu ka mayar da kunnuwan kuros ba a layin da suke ba, ka kori bugu ka sayo jijjiga.

Tsakiyar farfela, inda take zamewa tana tsawo tana gajarta, nan ne yara suka fi tsallakewa. Haƙoran wurin in sun bushe sukan maƙale, sai mota ta tsaya ko ta tashi su saki da ƙarfi, ka ji kamar an buge ta daga baya. Giris ne maganinsa, mai sinadarin moli ya fi a nan. Kuros ana ɗura masa har sabon giris ya fito ta kofuna huɗun, amma wannan wurin 'yan matsa kaɗan sun isa. Ka cika shi taf, farfela ta kasa gajarta, ta riƙa tokarin boris ɗin oksilari da na finiyo. In kuwa haƙoran sun cinye har suna wasa gefe da gefe, giris na 'yan kwanaki ne, sai canji. Taɓa notocin haɗin farfela ma, da boris ɗin tsakiya in tana da shi.

In farfela ta fita daga zargi, sa liba a ƙarƙashin giyabos ka ɗaga. Robar sit da ta yage ko mai ya jiƙa ta takan bar giyabos ya ɗaga ya faɗo, wani lokaci ma salansa ce ke dukan shasi. Sandar giya da ke zabura in an taka totur ita ce shaidarsa. Daga nan bi abin da ke riƙe da aksil: a mai sifirin ganye, yubol da santabol da bushin, a mai nannaɗaɗɗen sifirin, bushin hannuwan aksil. Aksil da ke juyawa a mazauninsa yana yin "gwaf" iri ɗaya da na haƙori. A Defender ka duba ƙwallon da ke saman aksil ɗin baya, da haƙoran murfin hab inda shaf ke shiga, duka biyun sun yi suna wajen wannan ƙarar.

Akwatin oksilari iri biyu ne, mai giya zalla da mai sarƙa. Sarƙar da ta miƙe tana tsallake haƙori in an matsa wa mota a 4H ko 4L (ƙaramar giyar oksilari), ka ji "tas, tas" da ƙarfi musamman a hawa. Girgiza bakin da farfela ke ɗaure: in yana motsi sama da ƙasa kuma sil na zubar da mai, boris ne.

Sai duk waɗannan sun wuce za ka zo kan aksil, kuma da mai za ka fara. Juye shi a kwano mai tsabta, ka duba maganaɗisun notin juyewa. Laushin baƙin gari ba komai, gutsuren ƙarfe da za ka ji a yatsa shi ne magana. Tura bakin finiyo ciki da waje, sama da ƙasa, bai kamata ya motsa ba. In ya motsa, kada ka ɗauko dogon bututu ka ɗaure notinsa. A aksil da yawa akwai zobe mai lotsewa a bayan notin nan wanda ke saita matsin boris, in ka wuce da shi boris zai yi zafi ya ƙone. Aksil da haƙoransa suka ci kuma yawanci yana kuka a kan gudu kafin ya fara bugu. Tambayi mai motar ko yana jin wannan kukan. In babu kuka, mai kuma fes, zuba masa sabon 80W-90, ko abin da littafin motar ya ce, ka rufe, ka koma kan kuros ɗin baya.