Amsa kan haɗa kifaye a tankin gilashi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ƙanena da ya yi tambaya ɗazu, na saurari saƙonka har sau biyu. Ka ce ka samu tanki mai cin lita 100, jiya ka cika shi da ruwa, gobe kuma kana son ka zuba niyon tetira, da gufi, da anjel guda biyu, da taiga bab, da kifin zinare ɗaya. To don Allah ka dakata, kada ka sayi ko guda gobe.

Ruwan nan naka bai nuna ba tukuna. Ka san kifi yana fitar da amoniya, ta kashinsa da ta wajen da yake numfashi, kuma guba ce gare shi. A cikin soson filta, wato na'urar tace ruwan tanki, akwai ƙwayoyin bakteriya da suke mayar da ita nitirait, shi ma guba ne, sannan wasu su mayar da shi nitiret, wanda yake da sauƙi, shi ne kake ragewa idan ka canja ruwa. Sabon tanki ba shi da waɗannan ƙwayoyi, sai sun ɗauki kamar sati 4 zuwa 6 kafin su kafu. Ka kunna filta dare da rana, ka riƙa jefa ɗan abincin kifi kaɗan yana ruɓewa a ciki, ka nemi kayan gwajin ruwa. Ranar da amoniya da nitirait, bayan sun hau, suka sauko sifili, to an zo wajen. In akwai wanda tankinsa ya daɗe yana aiki, ka roƙe shi guntun soson filtarsa, zai rage maka jira. Kuma in ruwan famfo ne, a sa maganin kashe kulorin tukuna.

Yanzu maganar haɗin da ka lissafo, nan ne damuwata take. Mu dai ido ne yake ja mu, muna kallon kifi yana ƙarami mu ce ya yi kyau, ba ma tambayar yaya zai zama in ya girma. Anjel ɗin da kake gani bai fi faɗin murfin kwalba ba, yana kai santimita 15, kuma duk abin da ya shiga bakinsa abinci ne a wurinsa. Niyon kuwa ba ya wuce santimita 4. Ni kaina na taɓa haɗa su. Watanni suna zaune lafiya, sai na fara ƙirga niyon da safe ina ganin sun ragu, yau tara, jibi takwas, babu gawa babu komai. Wata rana na kunna fitila da asuba, sai ga wutsiyar ɗaya a bakin anjel. Wallahi abin ya tsaya min a rai, domin ba laifinsa ba ne, ni ne na kai masa su har gida.

Taiga bab shi kuma mai cizon wutsiya ne. Gufi ga wutsiya kamar mafici, ga rashin sauri, cikin 'yan kwanaki za ka ga ta yage kamar tsumma. Shi ma anjel ba zai tsira daga gare shi ba. Kifin zinare kuwa ka cire shi daga lissafi gaba ɗaya, ruwan sanyi yake so, su kuma sauran suna son digiri 24 zuwa 26, ga shi da yawan kashi. Sannan in aka ce maka ka ɗauki kifin da ake kira fileko wai yana share gilashi, ka tambayi wane iri ne, domin wanda aka fi sayarwa yana wuce santimita 40.

Da ni ne da tankin nan, ga abin da zan yi. Niyon guda 10 a tsakiyar ruwa, domin kifin garke ne, in ba su kai shida ba sai su yi ta ɓuya, launinsu ya dusashe. A ƙasa koridoras, ƙananan kifaye masu zama a gindin ruwa, guda 6, iri ɗaya. Waɗannan ina son su ƙwarai, ba ruwansu da kowa, sai tonon yashi da ɗan gashin bakinsu. Ka sa musu yashi mai laushi, tsakuwa mai kaifi tana cinye gashin. In ka ga ɗaya ya zabura sama ya kamo iska ya koma, kada ka tsorata, ɗabi'arsu ce. Kuma ba shara suke ci ba, a ba su abincin da yake nutsewa. A sama kuma gufi, maza zalla guda uku ko huɗu. In ka sa mata, kusan duk wata sai sun haihu, tankin zai cika ya fi ƙarfin filta. Niyon ya fi son ruwa mai laushi, wato mai ƙarancin ma'adinai, gufi mai ɗan tauri, wato mai ɗan yawansu, amma in awon pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, yana wajen 7 duk za su zauna.

Kada ka zuba su rana ɗaya. Fara da gufi, bayan sati biyu koridoras, niyon su zo ƙarshe, domin ba sa jure sabon ruwa. Wajen saye ka duba da kyau, in ka ga ɗigo-ɗigon fari kamar gishiri a jikin ko da kifi ɗaya ne, alamar cuta ce, ka bar duk na wannan tankin. Ledar da ka kawo su ciki ka ɗora ta kan ruwa minti 15 zuwa 20 zafin ya daidaita, ka kwashe su da raga, ruwan ledar kada ya shiga tankinka. Duk sati ka canja kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, soson filta kuma a cikin wannan tsohon ruwan za ka matse shi, ba a bakin famfo ba.

In ka yi gwajin farko ka turo hoton sakamakon nan zauren, mu duba tare.