Ta ina za mu fara haɗa karatun aji da na intanet?

Malam, ka tambaya ko sayen kwamfutoci ne matakin farko idan sashen ilimi na ƙaramar hukumarku zai haɗa karatun aji da na intanet. A'a, kada ku fara da sayen kaya. Ku zauna da hedimastoci, malaman aji da kwamitin iyaye, ku tsaya a kan matsala ɗaya, misali yaran aji uku na firamare da har yanzu ba sa iya karanta jimla da Hausa. Sai ku rubuta a fili abin da malami zai yi a gaban allo da abin da yaro zai yi a gida. Darussa kuwa ba sai kun ƙirƙira ba, akwai Nigeria Learning Passport, wato dandalin darussa na intanet da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022.

Sharaɗin shi ne ku horar da malamai kafin kaya su iso. A makarantar da na koyar an kawo mana kwamfutocin hannu, ba wutar caji, ba wanda aka koya wa amfani da su, haka suka ƙare a kulle a ofis, abin yana yi mini ciwo har yau. Ku tuna kuma gidaje da yawa wayar uba ce kaɗai, da ita yake fita kasuwa tun safe. Shi ya sa lokacin korona a 2020 aka koma ga darussan rediyo, don haka ku sa rediyo cikin tsarinku tun daga farko.