Amsa: me ya sa layukana suka haɗe wuri guda a Grasshopper (manhajar tsara zane da ke cikin Rhino)?

Ɗan'uwa, ka ce ka raba layuka 5 da Divide Curve (mai raba layi zuwa ɗigo-ɗigo), amma Polyline (mai haɗa ɗigo-ɗigo su zama layi) ya zana maka zare ɗaya mai kai da komo. Flatten ɗin da ka sa ne. Kafin ka sa shi, kowane layi yana da reshensa (wato rukuninsa na daban), ɗigo-ɗigonsa na zaune a ciki. Flatten ya zube su duka a kwando ɗaya, Polyline kuwa reshe ɗaya layi ɗaya yake yi.

Cire Flatten ɗin, ka jona Param Viewer (mai nuna rassan) ka duba: ya kamata ka ga rassa 5. In layin buɗaɗɗe ne ka raba shi 10, ɗigo 11 za ka samu a kowane reshe. In kuma so kake ka haɗa ɗigon farko na kowane layi da na farkon sauran layukan, Flip Matrix za ka sa. Ni dai ba na taɓa Flatten sai na leƙa rassan tukuna.