Ɗan Mabera a Lesta, likita ya yi wuyar gani, Inna kuma ta haɗo ledar magani

Maganar wanga satin ta zo min ta hanya biyu, shi ya sa na ce bari in amsa ta a fili ko wani ma ya amfana. Da farko wani ƙanenmu ɗan unguwar Mabera nan Sakkwato da ke karatun digiri na ukku a Lesta can Ingila ya turo min saƙon murya kusan minti shidda, ranshi a ɓace. Ɗiyarshi 'yar shekara huɗu kunne ke mata ciwo, kwana biyu ba ta barci ba uwarta ma ba ta barci ba, ya kira asibitin unguwarsu ƙarfe takwas na safe na'ura tac ce mai shi ne na ashirin da wani abu ga layi, kafin a ɗauka gurbin ranar ya ƙare, matar risefshon kuma tac ce ya kai yarinyar famasi. Abin da yac ce min shi ne "Yaya, na biya kuɗin lahiya na mutum ukku tun kafin a buga muna biza, yanzu a ce in tai kemis?"

Ta biyu kuwa, ranar Juma'a bayan la'asar ina zaune ƙofar gida sai ga Inna mahaifiyarshi da baƙar leda ta ƙulle baki sau biyu. Munka gaisa, ta kwance, Ampiclox kati huɗu, Flagyl, Coartem, ruwan maganin tari kwalba biyu, da wani ƙulli na garin sabara a gefe. Wai ko na san mai tafiya Ingila cikin watan ga, tunda ta ji an ce likitocin can ba su ganin mutane. Na ce Inna ki aje ledar tukuna a sha ruwa.

To ƙanena, bari in fara da kai. Haushinka yana kan hanya, kuɗin nan ba kaɗan ba ne, fam 776 ga kowane mutum kowace shekara ga ɗalibi da iyalinshi, masu bizar aiki kuma fam 1,035 tun Fabrairun 2024, in ka buga da naira sai kanka ya yi ciwo. Kuma layin ƙarfe takwas ba kai kaɗai yake ci ba, Turawan da anka haifa cikin garin su ma kuka suke da shi, ni da na zauna Bamingam na sha riƙe waya ga kunne ina shirin fita aiki ana kaɗa min kiɗa har shayina ya huce. Amma inda ka kuskure shi ne da ka ɗauka matar nan raina ka ta yi. Kai da ka ji famasi sai hankalinka ya tai ga shagon kemis na bakin layinku, inda yaron shago zai tambaye ka nawa gare ka, ka ce ɗari biyar, ya ɓallo maka ja biyu fari biyu ya zuba cikin takarda. Na can daban ne. Mai famasi a Ingila shekara huɗu yake yi jami'a, ya ƙara shekara guda ta horo, sannan ya ci jarabawa a yi mai rijista, kuma in ya yi wasa da aikin lasinshi ka tafiya.

Tun 31 ga Janairun 2024 akwai tsarin da NHS, hukumar lahiya ta gwamnatin can, ta fito da shi a Ingila mai suna Pharmacy First, kuma saboda irin matsalarka anka yi shi. Ciwo bakwai ne mai famasi ke iya dubawa ya ba da magani har da antibayotik in ya ga ya kamata, ba sai ka ga likita ba. Ciwon kunne na yara daga shekara 1 zuwa 17, ka ga ɗiyarka ta shiga. Ciwon maƙogwaro daga shekara 5 zuwa sama. Toshewar hanci mai sa ciwon fuska da goshi daga shekara 12. Cizon ƙwaro da ya ruɓa ya kumbura, da ƙurajen nan masu ɓawon rawaya da ka fito ma yara gefen baki da hanci, su biyun daga shekara 1. Sai ƙurajen nan masu zafi kamar wuta da ka fito gefe guda na jiki kamar ɗamara, na manya ne daga 18. Na bakwai ciwon fitsari na mata daga shekara 16 zuwa 64, wanga ka faɗa ma maiɗakinka ta sani, don matanmu da yawa kunya ke sa su yi ta haƙuri da shi har ya hau ƙoda.

Yadda ake yi ba wuya. Ka shiga famasi, Boots ne ko ƙaramin na kan layinku, ka je kanta ka ce kana son ganin mai famasi a kan Pharmacy First. Akwai ɗan ɗaki a gefe mai ƙofa, can za a shiga da ku ba a gaban mutane ba. Zai haska kunnen da 'yar fitilar nan, ya tambayi kwana nawa, da zazzaɓi ko babu, ko ruwa na fita. Ganin kyauta ne, kuma yaro ƙasa da shekara 16 maganin da anka rubuta mai ma kyauta ne. Kai babba in an rubuta maka fam 9.90 ne kowane magani guda, mace mai ciki ba ta biya in ta cika takardarta, haka wanda ya kai 60. Masu zama Sikotlan da Wels su ba su biyan ko sisi, su kuma nasu tsarin famasin daban yake kaɗan, wanda ke can ya tambayi na garinshi.

Amma in gaya maka tun yanzu kada ka dawo kana zagi, yana iya duba kunnen tsaf ya ce ka ba ta farasitamol na yara ka jira kwana biyu ko ukku, ba antibayotik. Mu mun saba in ba a ba mutum kafso ba ko ba a yi mai allura ba to ba a duba shi ba, akwai dattijon da na sani nan Runjin Sambo in likita ya sallame shi ba allura sai ya biya kemis a yi mai ko ta ruwa ce. Ciwon kunnen yara da yawa da kanshi yake warkewa cikin 'yan kwanaki, haka ciwon wuya da mura yawanci ƙwayar bairos ce wadda Ampiclox bai san ma tana nan ba. Ba rowa suke maka ba. Shan antibayotik barkatai shi ka sa ranar da ake buƙatarshi da gaske ya ƙi aiki, mu nan gida muna ganin haka, a ba mutum wanga ya ƙi, a canza wancan ya ƙi.

Shi ya sa na hana Inna aika ledar. Ka bar batun ko maganin na gaske ne ko jabu, ka bar zafin Sakkwato da ya sha cikin shago watan Afrilu. Matsalar ita ce in ka ɗura ma yarinya magani a ɓoye sannan abu ya rikice kunka tai asibiti, tambayar farko mi ta sha, in ka ɓoye ka cuce ta, in ka faɗa kuma ka buɗe ma kanka tambayoyin da ba ka shirya ba, don can maganar yaro ba ta iyaye kaɗai ba ce, hukuma na sa ido. Sannan shi mai ɗauko saƙon, Tramadol da duk wani abu mai kodin kayan da doka ta ƙayyade ne a Ingila, ana shiga da su ne in na mutum ne shi kanshi da takardar likita mai sunanshi. Kada ka sa bawan Allah ya tsaya bayani filin jirgi a kan kwalbar tarin da bai ma san mi ke ciki ba, kai da shi duka kan biza kuke. Garin sabara na ce ma Inna ta riƙe abinta, kilishi ma kada ta sa don nama ba ya shiga, in dai tana son aika wani abu ta aika yaji da kuka.

Yanzu ga inda nake son ka buɗe kunne da kyau, don famasi ba na komi ba ne. Mu 'yan Sakkwato ba sai an gaya muna mi ne ne sanƙarau ba, duk bazara muna jin labarinshi. In yarinya ta yi zazzaɓi mai zafi wuya ya sanƙare, ko ba ta son haske, ko tana ta barci ba a iya tashe ta, ko numfashi na mata wuya, ko ƙuraje sunka fito waɗanda in ka danna gilashin kofi a kai ba su dushewa, wanga na kiran lambar gaggawa 999 ne ko ka ɗauke ta sai imajensi, ba jiran kowa. Ga fatarmu ƙurajen ba su fitowa sosai, ka duba tafin hannu da tafin ƙafa da cikin fatar ido. In bayan kunnen ya kumbura shi ma ba na jira ba ne. In kuma kana tsakiya, ba ka san babba ne ko ƙarami ba, ka kira 111, kyauta ne dare da rana, suna iya sama maka likita a ranar ko su tura ka inda ya dace, ni ya fisshe ni ba sau ɗaya ba cikin dare.

Sai maleriya, wadda ita ce ta fi ba ni tsoro a kanku. Duk wanda ya zo gida hutu ko Sallah ya koma, zazzaɓi ya kama shi, kada ya tai famasi ya sayi maganin mura ya kwanta. A ranar ya nemi likita ko imajensi kuma kalmar farko da za ta fito bakinshi ita ce na dawo daga Najeriya, don likitan can ba zai kawo sauro ga ranshi ba sai ka faɗa, kuma tana iya tashi bayan makonni ko ma watanni. Akwai wani abokina da ya zo bikin ƙanwarshi da damina, ya koma, kwana goma jiki ya yi zafi yac ce ai shi ɗan Gwadabawa ne sauro ya san shi, ya yi ta haɗiyar farasitamol yana zuwa aiki, ƙarshe motar asibiti ta kwashe shi daga ɗaki sai da ya yi kusan mako kwance. Jikin da ya daɗe bai ga sauro ba ya manta da shi, ɗiyarka kuwa da ta tashi can ba ta ma da wannan kariyar. Kafin ku zo gida ku nemi maganin rigakafi tun da sauran makonni.

Batun samun likitan kanshi, akwai 'yan dabaru. Yawancin asibitocin unguwa yanzu suna da fom ta intanet ko ta manhajar NHS, ka rubuta abin da ka damunka su duba su kira ka, sau da yawa ya fi layin waya sauri. In matar risefshon ta tambaye ka mi ka damunka ka faɗa mata gaskiya dalla-dalla, ba gulma take nema ba, da amsarka take auna wa za a fara gani, in ka ce "ɗan ciwo ne kaɗan" irin kawaicinmu to bayan mako ukku za ta sa ka. Ka ce shekarunta huɗu, kwana biyu ba barci, zafin jiki kaza, ka sayi ma'aunin zafi ka aje gida ba tsada. Maiɗakinka in Turanci bai zauna mata ba tana da damar neman tafinta kyauta, kuma tana iya cewa likita mace take so, sai dai ta faɗa tun lokacin neman gurbin ganin likita. Masu aiki kuma ku sani, ciwon da bai wuce kwana 7 ba ba ka buƙatar takardar likita don wurin aiki, kai ka cika fom da kanka, kada ka ɓata safiyarka ga waya don wannan. Wanda ma takardunshi ba su cika ba yana da damar yin rijista da likitan unguwa a Ingila, ba dole sai da shaidar biza ko ta adireshi ba, ku gaya ma 'yan uwa masu ɓoyo da ciwo.

Wani abu da na ji daɗinshi ga masu famasin can, kana iya tambayarsu ko kafson nan akwai gelatin na alade ciki, ko ruwan maganin akwai giya, su duba maka su nemo wani in akwai, kuma Lesta musulmi sun yi yawa, ba mamaki wanda za ka tarar bayan kanta shi ma azumi yake. Wanda ya kai shekara 40 ma ana auna mai hawan jini kyauta a famasi da yawa.

Inna dai ta tafi da ledarta, amma sai da ta sa na yi mata alkawarin zan kira ka gabanta ranar Lahadi bayan magariba ta ji muryar jikarta da kunnenta. Ka tabbata ka kai yarinyar kafin nan, kuma ka sa caji.