Maigidana ya samu gyambon kwanciya, yaya zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Daga Daura nake rubutowa. Wata huɗu ke nan maigidana yana kwance, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, ko juyi ba ya iyawa sai an juya shi. Makon jiya na ga fatar ƙasan bayansa, daidai saman ɗuwawu, ta yi baƙi, yanzu kuma ta saɓule ta zama ciwo kamar faɗin murfin kwalba. Maƙwabciyata ta ce in fasa kafso in barbaɗa. Me ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Sannu da jinya Hajiya, Allah Ya ba Malam lafiya, ke kuma Ya saka miki da alheri.

Ki ajiye maganar kafso. Wannan gyambon kwanciya ne, kuma nauyin jiki ne ya kawo shi. Idan mutum ya daɗe a gefe ɗaya, ƙashi yana danne nama a kan katifa har jini ya daina isa wurin. Mai lafiya yana juyi ko cikin barci, Malam kuwa ba ya iyawa, kuma awa biyu zuwa uku sun isa fata ta fara lalacewa. Don haka duk tsadar maganin da aka shafa, muddin yana kwanciya a kan ciwon, ba zai warke ba.

Daga yau ya bar kwanciya rigingine. A riƙa juya shi duk bayan awa biyu, dama da hagu, amma kada a kwantar da shi cak a kan kwatangwalo, a ɗan kishingiɗar da shi a tokare bayansa da filo. Ki sa filo ɗaya tsakanin gwiwoyinsa, wani kuma ƙarƙashin sha-raɓarsa yadda dugadugansa za su tashi daga kan katifa. Nakan ce wa masu jinya su ɗaura juyin a kan lokutan salla, su ƙara da na hantsi da na walaha. Rana da sauƙi. Tsakanin Isha'i da Asuba ne ake samun ɓarna, kuma nan ne za ki gaji in ke kaɗai ce. Ki cire kunya ki raba daren da 'ya'yansa maza ko ƙannensa. A shimfiɗa zani a ƙarƙashinsa, mutum biyu su kama su ɗaga. Jan sa a kan shimfiɗa yana yaga fata.

Kullum wajen wanka ki duba inda ƙashi ya turo: dunduniya, idon sawu, kwatangwalo, gwiwar hannu, allon kafaɗa, ƙeya, har kunne. A baƙar fata irin tamu ba kasafai ake ganin jan da ake faɗa ba. Abin da za ki gani shi ne wuri ya fi kewayensa duhu, ko yana sheƙi, ko ki taɓa ki ji zafi ko tauri. In kin ga haka kada ki murza, kada ki gasa da ruwan zafi, ki dai ɗauke masa nauyi. Gammon nan mai rami a tsakiya da wasu ke yi wa majinyaci ma a bar shi, gefen ramin yana tare jini.

Sai danshi. Fitsari da bayan gida da zufa suna jiƙa fata ta yi laushi, musamman a bazarar nan tamu ta Maris zuwa Mayu. In kin shimfiɗa leda don kare katifa, ki ɗora zanin auduga a kanta, ki miƙe shi kada ya tattare. Da ya ɓata a wanke, a tsane a hankali, a shafa basilin a lafiyayyar fatar kewaye.

Shi kuwa ciwon, a wanke shi da ruwan gishiri na asibiti, irin wanda ake ƙarin ruwa da shi, ana samu a kemis. In ya yanke miki, ki tafasa ruwa rabin lita da gishiri ƙaramin cokali ɗaya, ya huce. A rufe da tsabtataccen bandeji mai ɗan danshi, a canja kullum ko da zarar ya jiƙe. Ban da sifirit, ban da toka, ban da man goge baki, ban da garin magani, duk suna kashe sabon naman da ke tohowa. Zuma ana aiki da ita a wasu asibitoci, amma ki bari ma'aikacin jinya ya gani tukuna. Tunda fatar ta riga ta buɗe, shawarata ki kai shi babban asibitin da ke Daura a cikin makon nan, su duba zurfinsa, su nuna miki wankin ciwo da hannunsu, su kuma auna sukarinsa, don ciwon sukari yana hana gyambo warkewa.

Koko da shayi kaɗai ba sa gina nama. A ba shi ƙwai, wake, alala, awara, kifi, kindirmo, miyar zogale da gyaɗa, da wadataccen ruwa. Na sha ganin an rage wa majinyaci ruwa don kada ya yawaita fitsari, wannan cutarwa ce. In yana ƙwarewa wajen haɗiya, ki faɗa wa likita.

Katifar iska mai aiki da lantarki tana taimakawa in akwai hali, sai dai kin san yadda wuta take, kuma ko da ita ba a fasa juyi.

Idan ciwon ya fara wari ko fitar da mugunya, ko ya yi baƙin ɓawo, ko ya zurfafa, ko Malam ya yi zazzaɓi ko ya fara ruɗewa, kada a kwana. Ƙwayoyin cuta na iya shiga ƙashi ko jini. Irin wannan sai likita ya kankare mataccen naman, wani lokaci ma har a tura ku Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina.