Me Ya Sa Majalisar Gari a Amurka Ba Ta Iya Hana Gidan Rawar Tsiraici Ko Da Jama'a Sun Ƙi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune da iyalina a wani ƙaramin gari a Amurka, kuma kwanan nan muka ji cewa wani ɗan kasuwa yana shirin buɗe gidan rawar tsiraici a babban titin tsakiyar gari, kusa da shaguna da ɗakin karatun da yaranmu ke zuwa. Mutanen gari, Kirista da Musulmi da waɗanda ba ruwansu da addini, sun cika zauren majalisa suna nuna ƙin amincewa, amma lauyan majalisar ya ce ba za a iya hana shi kai tsaye ba. Yaya abin da kusan kowa ya ƙi zai gagari hukuma?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Lauyan majalisarku gaskiya ya faɗa muku, sai dai maganarsa ba ta nuna cewa hannunku a ɗaure yake ba. A tsarin shari'ar Amurka, gari ba shi da ikon haramta irin wannan sana'a baki ɗaya don kawai mutanensa suna ƙyamarta, amma yana da iko mai faɗi na cewa ga inda za a yi ta, ga inda ba za a yi ta ba. A kan wannan bambanci ne ake cin nasara ko a faɗi a kotu, kuma garuruwa da dama sun faɗi ne saboda sun shiga rigimar da fushi, ba su shiga da hujja ba.

Tushen maganar shi ne Gyaran Farko na kundin tsarin mulkin ƙasar, wanda ya fara aiki a 1791, ya kuma hana gwamnati tauye 'yancin faɗin albarkacin baki. Kotun Ƙoli ta faɗaɗa wannan kariya har ta kai ga fina-finai da littattafai da rawa, ta kuma amince cewa rawar tsiraici tana cikinta, ko da yake a bakin iyaka take. Batsa tsantsa ba ta da kariya, kamar yadda kotun ta tabbatar a shari'ar Miller ta 1973, sai dai sharuɗɗan da aka gindaya kafin a kira abu batsa tsantsa suna da tsauri ƙwarai, har ya zama yawancin abin da ake nunawa a waɗannan gidaje bai cika su ba a idon doka. Ga wanda ya tashi inda hukuma kan rufe wuri a kan dalilin tarbiyya kaɗai, wannan abu ne mai wuyar haɗiya, amma haka dokar take.

Ƙaramin garin Mount Ephraim na jihar New Jersey ya gwada hanyar hanawa ɗungurungum. Dokarsa ba ta yarda a yi kowane irin wasa a gaban 'yan kallo a yankin kasuwanci ba, kuma da ita aka ci tarar masu wani shagon littattafan batsa da suka kawo mai rawar tsiraici. A 1981 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin, tana mai cewa dokar ta yi faɗi fiye da kima kuma garin bai kawo hujjar da za ta ɗauke ta ba. Ko da garin ya ce ai mai son kallo zai iya zuwa garuruwan maƙwabta, kotun ba ta karɓa ba.

Garin da ya kamata ku yi nazarinsa da kyau shi ne Renton na jihar Washinton, kusa da birnin Seattle, wanda a lokacin mutanensa ba su wuce 32,000 ba. A watan Afrilun 1981 majalisar garin ta kafa dokar da ta hana buɗe sinimar fina-finan batsa kusa da gidajen zama da coci da wurin shaƙatawa da makaranta, kuma tazarar da dokar ta tsaya a kanta ita ce ƙafa 1,000, wato kimanin mita 300. Abin lura shi ne, a ranar da aka kafa dokar babu irin wannan sinima ko ɗaya a garin. Sai a farkon 1982 kamfanin Playtime Theatres ya sayi gidajen sinima biyu a tsakiyar gari da niyyar nuna waɗannan fina-finai, ya tarar dokar ta riga shi, ya garzaya kotu. A 1986 Kotun Ƙoli ta bai wa garin gaskiya da rinjayen alƙalai 7 a kan 2.

Hujjar kotun, wadda Mai Shari'a William Rehnquist ya rubuta, ita ce dokar ba ta nufi abin da ke cikin fina-finan ba, ta nufi illolin da ke biyo bayan kafa irin waɗannan wurare, kamar ƙaruwar laifuka da faɗuwar darajar gidaje da durƙushewar kasuwancin unguwa. Kotun ta ƙara da abu biyu masu amfani ga ƙananan garuruwa. Ba dole ne gari ya yi nasa bincike ba, yana iya dogara da abin da wani birni ya gani muddin ana ganin yana da alaƙa da matsalarsa, kuma Renton da abin da ya faru a Seattle ya dogara. Sannan dole ne a bar wa sana'ar wurin zama. Dokar Renton ta bar eka 520, sama da kashi 5 cikin ɗari na ƙasar garin, kuma da kamfanin ya yi ƙorafin cewa filayen nan wasu an riga an gina su, wasu kuma ba su dace da kasuwancinsa ba, sai kotun ta ce ya je ya nema a kasuwar fili kamar kowane mai saye. Mai Shari'a William Brennan, wanda bai amince da hukuncin ba, yana ganin batun illoli fakewa ce kawai, kuma a ganina akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, domin kowa ya san abin da ke tara mutane a zauren majalisa. Duk da haka, ra'ayin masu rinjaye ne ya zama doka.

Daga nan za ka fahimci dalilin da ya sa nake cewa bakin jama'a yana iya ɓata musu shari'a. Idan rubutaccen bayanin zaman majalisa ya cika da maganar zunubi da ƙazanta da alwashin korar mutumin daga gari, musamman daga bakin kansiloli, lauyansa zai ɗauke shi ya kai wa alƙali a matsayin shaidar cewa manufar dokar ita ce toshe baki. Imaninku shi ne ya fito da ku, kuma babu mai hana ku faɗinsa, amma abin da ya kamata ya yi rinjaye a takardun majalisa shi ne rahotannin 'yan sanda, da binciken da wasu birane suka yi, da bayanin masu shaguna da dillalan gidaje, da taswirar da ke nuna hanyar da yara ke bi zuwa makaranta. Kuma hujjar ta zama mai kama jiki, domin a shari'ar birnin Los Angeles ta 2002 kotun ta nuna cewa mai gidan yana da damar ƙalubalantar binciken da aka dogara da shi, in ya raunana shi kuwa nauyin kawo ƙarin hujja ya koma kan hukuma.

Bayan tazara, akwai sauran hanyoyin takaita sana'ar. Ana iya ƙayyade lokacin buɗewa da rufewa, da girman allon talla, da sharuɗɗan lasisin giya, kuma a 2000 Kotun Ƙoli ta amince da dokar birnin Erie na jihar Pennsylvania wadda ta hana tsiraici a bainar jama'a, abin da ya tilasta wa masu rawa rufe wasu sassan jikinsu. Dabarar da ba ta aiki ita ce riƙe takardar neman lasisi a aljihun tebur har sai mai nema ya gaji, domin tun a shari'ar birnin Dallas ta 1990 aka yanke cewa dole a sa wa'adin ba da amsa, a kuma bar ƙofar kotu a buɗe. Dokar tarayya ta kuma bai wa alƙali damar ɗora wa garin da ya faɗi a irin wannan ƙara kuɗin lauyan wanda ya kai shi, kuma wannan ne ke sa lauyoyin ƙananan majalisu taka-tsantsan, tunda asusunsu ba shi da yalwa.

Abu na farko da za ka bincika shi ne ko garinku yana da dokar tazara tun kafin yau, da kuma ko mutumin ya riga ya karɓi izini. Idan bai karɓa ba, majalisa tana iya kafa dokar yanzu, kuma a garin da tsakiyarsa bai wuce 'yan layuka ba, tazarar ƙafa 1,000 daga coci da makaranta da gidajen zama takan share babban titi gaba ɗaya ta tura sana'ar yankin masana'antu a bakin gari. Idan ya riga ya karɓa ya kuma zuba kuɗi a ginin, lamarin ya koma kan dokar jiharku, domin wasu jihohin suna barin wanda ya riga doka ya ci gaba da zama, wasu kuma suna yarda a ba shi wa'adin tashi, kamar yadda birnin New York ya yi a dokarsa ta 1995. A nan sai kun nemi lauyan da ya ƙware a dokokin tsara gari na jiharku. Kafin nan, kariyar da ta kare mai gidan rawar ita ce ta ba ku damar tsayawa a gefen titi da alluna cikin lumana, da ƙaurace wa kasuwancinsa, da zuwa wurin mai ginin ku roƙe shi kada ya ba da haya, tunda Gyaran Farko gwamnati ya ɗaure, bai ɗaure mai gini ba.